Sakan huɗu a Bejin: nazari kan rayuwar gasar Valentina Vezzali

A Maradi in ka ce takobi, hankalin mai saurarenka filin kokowa yake tafiya. Tun da Yacouba Ango Kantou ya ɗauko na farko daga Tawa a 1975, takobi a wurinmu shi ne abin da ake rataya wa sarkin kokowa bayan ya kada mazaje, har filin kokowar garin nan ma sunan Kantou aka sa masa. Shi ya sa a daminar 2024, lokacin wasannin Olamfik na Paris, muna zaune a fadarmu ta shayi aka nuno wasu mata biyu cikin fararen kaya, fuska rufe da raga, kowace da waya ɗaure a bayanta, suna tsokanar juna da wani ƙarfe siriri kamar tsinken tsire, sai samari suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Mushe, wai wannan ne takobin nasu?"

Ni malamin motsa jiki ne a wata kwaleji a nan cikin gari, kuma na daɗe ina bin wasan nan ta bidiyo. Ban tsaya gardama da su ba. Na ciro waya, na nemo wasan ƙarshe na mata da aka yi a Bejin ran 11 ga Agusta 2008, na kai shi minti na ƙarshe, na ce kowa ya zuba wa agogon da ke gefe ido. Kafin a sauke shayi na biyu dariya ta ɗauke. Wadda ta ci wasan sunanta Valentina Vezzali, ƴar Italiya. Rayuwarta ta gasa nake son in warware a nan, domin abin da ta yi a sakan huɗun ƙarshe na ranar, shekara 28 aka yi ana gina shi.

Yadda wasan yake

Takubban wasan iri uku ne, kowane da dokarsa. Wanda ya shafe mu shi ne wanda Faransawa ke kira fulore. Ruwansa bai wuce santimita 90 ba, gaba ɗayansa har da mariƙi bai wuce 110 ba, nauyinsa kuma bai kai rabin kilo ba. Ba kaifi, ba tsini. A bakinsa akwai ɗan madanni, wanda sai an danna shi da ƙarfin da ya kai giram 500 kafin fitila ta kama. Da suka ake ci, ba a sara. Kuma gangar jiki kaɗai ake ƙirgawa, ƙirji da ciki da baya, inda ɗan wasa ke sanye da wata ƴar riga mai zaren ƙarfe. In ka soki hannu ko cinya, farar fitila ce za ta kama, alƙali ya tsayar da wasa, babu maki.

Filin dogo ne siriri, mita 14 a tsawo, faɗinsa bai wuce mita 2 ba. Ba a kewaya abokin karawa yadda ɗan kokowa ke yi yana neman ƙafa. Gaba ne ko baya. A wasan sili ɗaya ƙwale ana neman maki 15 cikin zango uku na minti uku-uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. In lokaci ya cika ba wanda ya kai 15, mai rinjaye ya ci. In an yi kunnen doki, sai a ƙara minti ɗaya, wanda ya fara taɓa ɗan'uwansa ya gama magana. Amma kafin a fara mintin sai an jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa shi ke da nasara in lokacin ya ƙare ba a taɓa kowa ba. Alƙali kuwa da Faransanci yake ba da umurni ko a wace ƙasa ake wasa, don haka yaran fadarmu sun ji shi tangaram: en garde, prêtes, allez.

Inda gizo ke saƙar shi ne dokar wa ke da haƙƙin hari. In fitilu biyu suka kama tare, ba a raba maki. Alƙali zai duba wa ya fara miƙa hannu yana barazana ga jikin ɗan'uwansa. Shi ke da haƙƙi, sai fa in ɗayan ya kaɗe masa takobi ya mayar da martani, ko harin ya faɗi a banza. Wanda aka taho wa ke nan yana iya karewa tukuna sannan ya rama, ko kuma ya soki mai harin a tsakiyar tahowarsa, ya goce a lokaci guda don kada a taɓa shi, fitila ɗaya tak ta kama. Wannan ta biyun tafiya ce a bakin rijiya. Ka kuskure taƙi ɗaya na nisa, ko ƙiftawar ido ɗaya ta lokaci, makin ya tafi ga wancan. A nan Vezzali ta yi suna, har ƴan jaridar ƙasarsu suka yi mata laƙabi da gamsheƙa.

Ɗakin da ta fito

An haife ta ran 14 ga Fabrairu 1974 a Jesi, ana furta shi Yezi, wani gari a yankin Marche kusa da Ankona, mai mutane wajen 40,000. Ko kusa bai kai Maradi ba, wadda ƙidayar 2012 ta ba sama da mutum 260,000. Masu son ƙwallo sun san garin ta wajen Roberto Mancini. Amma abin da ya fi ɗaga sunan Jesi a wasanni wani mutum ne mai suna Ezio Triccoli, kuma labarinsa ta Afirka ya bi. Soja ne da Turawan Ingila suka kama a arewacin Afirka lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kai shi sansanin fursunonin yaƙi na Zonderwater a Afirka ta Kudu. A can cikin zaman kaso ya koyi wasan takobi. Da ya koma gida ya buɗe ɗakin koyarwa a 1947.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan lissafi: sai da mutumin nan ya shekara 37 yana koyar da yaran garinsu kafin wani ɗalibinsa ya rataya zinaren Olamfik. Stefano Cerioni ne, a gasar ƙungiya ta Los Anjeles a 1984, sannan ya ci na kansa a Seyul a 1988. Duk malamin da ya taɓa tsayuwa a rana da usur a baki ya san nauyin shekara 37.

Vezzali ta shiga ɗakin a 1980 tana ƴar shekara shida. Ta tarar da wata yarinya da ta girme ta da shekara huɗu, Giovanna Trillini, kuma wannan haɗuwa ita ce rabin labarin. Kullum da yamma wadda take karawa da ita a gida, ita ce wadda za ta zama zakarar duniya. Mahaifinta ya rasu tana da shekara 15, a shekarar da ta fara cin kambun duniya na ƴan ƙasa da shekara 17, wanda ta riƙe sau uku a jere daga 1989 zuwa 1991. Duk da haka ba a ɗauke ta cikin tawagar Olamfik ta Basalona a 1992 ba. Tana gida Trillini ta dawo da zinare biyu, na kanta da na ƙungiya. Yarinya mai shekara 18 da ta saba cin sa'o'inta, an bar ta a baya, kuma wadda ake ta yi wa guɗa ita ce yayar ɗakinsu. Wasu a nan suke karyewa. Ita sai ta ci kambun matasa na duniya a 1993 da 1994, ta kuma ɗauki azurfa a gasar manya ta duniya a Atina a 1994.

Triccoli ya rasu a watan Mayun 1996, saura wata biyu a fara wasannin Atlanta. Ta je ba malaminta na fari, ta kai wasan ƙarshe, Laura Badea ta Rumaniya ta doke ta 15 da 10. Bayan ƴan kwanaki Italiya ta doke Rumaniya a gasar ƙungiya, ta samu zinarenta na farko. Daga nan Giulio Tomassini ya ci gaba da horar da ita.

Shekarun da suka biyo baya ba sai an daɗe a kansu ba, don nasara ce a kan nasara. Kambun duniya a Seyul 1999. Zinare a Sidni 2000, inda ta yi wa Rita König ta Jamus 15 da 5, ga kuma na ƙungiya. Kambun duniya a Nîmes 2001 da Habana 2003. A Atina 2004 wasan ƙarshe ya zama na cikin gida, ita da Trillini, ƴan gari ɗaya, ƴan ɗaki ɗaya, ta ci 15 da 11. A Olamfik na wannan shekarar ba a yi gasar ƙungiya ta mata a fulore ba, saboda an ƙayyade wa wasan takobi lambobin zinare goma kacal, an kuma shigo da wani sabon rukuni na mata, sai aka riƙa karɓa-karɓa wajen cire gasar ƙungiya. Wannan doka za ta sake waiwayar ta a ƙarshe.

Haihuwa, gwiwa, da sauyin na'ura

Shekaru uku na tsakanin Atina da Bejin su ne suka fi ja mini hankali, domin a cikinsu abubuwa uku suka faɗo mata waɗanda kowane ɗaya ya isa ya rufe littafin ɗan wasa.

Ta yi aure a 2002. A watan Yunin 2005 ta haihu. A watan Oktoba, wata huɗu bayan haihuwa, ta tsaya a Leipzig ta ƙasar Jamus ta ci kambun duniya. A nan gida mace mai jego tana gama wankan arba'in ne, jiki bai gama komawa ba, barci bai isa ba. Wasan fulore kuwa kusan gaba ɗayansa a cinya da ƙugu yake, mutum yana rabin tsugune yana zabura gaba yana komowa. Duk macen da ta haihu ta fi ni sanin abin da wata huɗun nan ke nufi.

A daidai lokacin kuma hukumar wasan ta duniya ta sauya saitin na'urar da ke kunna fitila. Kafin nan ƴan wasa da yawa sun ƙware wajen kaɗa takobi kamar bulala, ya lanƙwasa bakinsa ya ɗan taɓa kafaɗa ko baya, fitila ta kama. Sabon saitin ya ce sai madannin ya zauna a danne na wajen kashi 15 cikin dubu na sakan, aka kuma rage tazarar da fitila ta biyu ke da ita ta kama bayan ta farko zuwa kashi 300 cikin dubu. Bulalar nan da yawa ta daina ƙirguwa. Waɗanda suka gina wasansu a kanta suka shiga ruɗani. Vezzali ta ci kambun duniya sau uku kafin sauyin, ta ci sau uku bayansa. A ganina wannan ya fi kowace lambar zinare faɗin irin wasanta: bai jingina da wata dabara guda ba, a kan sanin nisa da sanin lokaci yake tsaye, su kuwa babu saitin na'urar da ke taɓa su.

Sai gwiwa. A 2006 ta shiga gasar duniya ta Turin da jijiyar gwiwa a lalace, ta kai wasan ƙarshe, ƴar ƙasarsu Margherita Granbassi ta doke ta a ƙarin minti. Aka yi mata aiki. A 2007 a San Fitasbag suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, ta karɓe kambun.

Minti na ƙarshe a Bejin

Abokiyar karawarta Nam Hyun-hee ce ta Koriya ta Kudu, gajeriya, mai ƙafa kamar walƙiya, tana da shekara 26. Vezzali na da 34. Wasan da ake neman maki 15 a cikinsa ya ƙare 6 da 5. Minti tara, an taɓa juna sau 11 kawai.

Wanda bai san wasan ba zai ce ba a yi komai ba, kamar yadda ƴan kallo ke ihu a filin kokowa in mazaje biyu suka tsaya suna shafar kan juna, kowa na tsoron miƙa hannu. Amma wanda ya taɓa shiga fili ya san wannan tsayuwar aiki ce. Na sa yaran fada su daina kallon takubba, su dubi ƙafafu. Kowane ɗan taku da Vezzali ke yi gaba tambaya ce: in na shigo nan, me za ki yi? Kowane ja da baya da take yi tayi ne: ga fili, taho. Nam ta san in ta taho da gaggawa za ta hau kan bakin takobi. Vezzali ta san in ta ba ta taƙi ɗaya fiye da kima, ƙafar nan za ta cim mata. Haka suka yi ta auna juna.

Vezzali ce ta fara yin gaba, Nam ta kamo ta, a cikin minti na ƙarshe kuma ta wuce ta, 5 da 4. A nan ne yawancin ƴan wasa ke rasa kansu. Ka shekara huɗu kana jira, ga tarihi a gabanka, ga agogo na ci, jiki sai ya ce maka ruga. Ba ta ruga ba. Ta rama, 5 da 5. Kowa ya sa rai za a tafi ƙarin minti, inda ƙuri'a ke da baki a cikin magana. Saura sakan huɗu ta taho, fitilarta ta kama. Nam ta yi ta maza a sauran sakannin, lokaci bai ishe ta ba.

Da wannan ta zama ta farko, mace ko namiji, da ta ci zinaren fulore na mutum ɗaya sau uku a jere a Olamfik.

Wani a fada ya ce sa'a ce. Ban raina maganarsa ba, don wanda ya ci da tazarar maki ɗaya, Allah ne ya ba shi, kuma ita kanta an doke ta a irin wannan gaɓa a Turin. Salon nata yana da tsada: mai barin wasa ya kai ƙarshe a matse ya yarda ke nan wata rana zai faɗi da maki ɗaya. Sai dai in abu ya faru sau ɗaya a ce sa'a. In ya sake faruwa bayan shekara huɗu, da mace ɗaya, cikin halin da ya fi na farko muni, dole a sake duba shi.

Landan, ran 28 ga Yulin 2012

Tana da shekara 38, ta ci kambun duniya na shida a Katanya shekara guda kafin nan, kuma ita ta riƙe tutar Italiya a bikin buɗewa, daren da ya gabaci wasanta. Tana neman zinare na huɗu a jere. A wasan kusa da na kusa da ƙarshe ta gamu da ƴar Afirka, Inès Boubakri ta Tunisiya, mai shekara 23. Da ƙyar da jiɓin goshi ta sha, 8 da 7 a ƙarin minti. Daga nan Arianna Errigo, ƴar ƙasarsu wadda Vezzali ta girme ta da shekara 14, ta doke ta 15 da 12. Zinare ya tafi.

A nan nake ganin ainihin halin mutum. Wadda ta saba da zinare, an ce ta dawo bayan ɗan lokaci ta nemi tagulla, zuciya a karye, ƙafa a gajiye. Kuma wa ke jiran ta? Nam Hyun-hee, wadda ita ma ta shekara huɗu tana tuna sakan huɗun Bejin. Nam ta yi gaba har 12 da 8, agogo ya nuna saura wajen sakan 20. A lissafi magana ta ƙare. Kowane maki yana buƙatar a koma layi, alƙali ya ce allez, a ci nisan da ke tsakani, a kuma soki wadda ba abin da take buƙata sai ja da baya.

Matar da aka sani da jira sai ta koma mai farauta. Tara. Goma. Sha ɗaya. Saura sakan ɗaya ta soki na sha biyu. Aka tafi ƙarin minti, ta ci 13 da 12. Ihun da ta yi bayan ta cire ragar fuska ya fi na Bejin.

Abin lura shi ne ba ta yi hauka ba a cikin sakan ashirin ɗin. Kowane hari da haƙƙinsa ya tafi, yadda ko fitilu biyu sun kama alƙali zai ba ta. Mai gudu ido rufe ba ya iya wannan. Mai iya shi sai wanda hannunsa ya maimaita abin sau dubbai har ya daina neman izinin kai. Kuma ina tausaya wa Nam ƙwarai, don ta yi wasan da ya isa ya ci kowa, sau biyu, a manyan ranaku biyu na rayuwarta.

Ranar nan Italiya ta kwashe lambobin uku duka. Zinaren ya tafi ga Elisa Di Francisca, wadda ta doke Errigo 12 da 11. Ita ma ƴar Jesi ce. Bayan kwana biyar suka haɗu suka doke Rasha 45 da 31 a gasar ƙungiya, Vezzali ta cika zinare shida da lambobin Olamfik tara. A tsakanin ranakun biyu kuma Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ɗauki azurfa a fuloren maza, lambar Olamfik ta farko da Afirka ta taɓa samu a wasan takobi.

Abin da ba a gani a bidiyo

Ko da mutum ya kai Vezzali baiwa, ba ya shekara ashirin a ƙololuwa da cikinsa a wofi. A Italiya manyan ƴan wasa irin waɗannan ma'aikatan gwamnati ne. Rundunar ƴan sanda da ta soja da sauran masu kaki kowace tana da ƙungiyar wasanni, tana ɗaukar ɗan wasa aiki, tana biyan shi albashi kowane wata, aikinsa kuwa shi ne atisaye da gasa. Vezzali ta shiga ta ƴan sanda, Fiamme Oro, a 1999, shekarar da ta fara cin kambun duniya na kanta a gasar manya. Da ta yi ciki albashi bai tsaya ba. Da aka yi mata aikin gwiwa bai tsaya ba. Mai wannan gata shi ke iya kaiwa shekara 34 yana fili, lokacin da ƙafa ta fara raguwa amma ido da haƙuri suka nuna.

Wannan ne ya fi taɓa ni, saboda wata ɗalibata. Shekarun baya na koyar da wata yarinya da ban taɓa ganin mai saurin amsa usur kamarta ba. Kafin sauti ya gama fita ta bar layi. A wasan kama hannu da nake sa su yi bibbiyu, ba wadda ke taɓa ta, ita kuwa ta taɓa kowa. Ta san nisa ba tare da an koya mata ba. Da ta daina zuwa atisayen yamma na je gidansu, na gaida mahaifinta, muka zauna a zaure. Ya saurare ni har na gama, mutum ne mai mutunci, sannan ya ce, "Mushe, na ji, na gode da kulawa. Amma gudun nan, shi zai ba ta abinci?" Na ce, "Baba, in ta yi nisa…" Ya ce, "In ta yi nisa. Kafin nan fa?" Ba ni da amsa, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Tambayar da ya yi ita ce wadda aka amsa wa iyayen ƴan wasan Italiya tun kafin su yi ta.

Ba baiwa muka rasa ba. Issaka Daboré ya kawo wa Nijar tagulla a dambe daga Munik a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a tekwando daga Riyo a 2016, ya ci kambun duniya a 2017. Shekara 44 ke tsakanin lambobin biyu. A kokowa kuwa, inda muke da abin da ya yi kama da Jesi, tsofaffin ƴan kokowa na koya wa yara a gari da ƙauye, kowace jiha takwas tana fitar da mazaje goma duk shekara, ba mu taɓa rasa zakaru ba. Yaro yana tashi ya tarar da wanda ya fi shi a unguwarsu, ya sha kaye a hannunsa shekara da shekaru kafin ya kada shi. Haka Vezzali ta tashi a ƙarƙashin Trillini, haka Di Francisca ta tashi a ƙarƙashin Vezzali. Zaman nasu bai kasance na lumana kullum ba, an sha jin tsamin dangantaka tsakanin manyan tawagar, kamar yadda ba a rasa shi a duk gidan da zakaru biyu ke cara. Amma wadda kullum take karawa da mai neman kujerarta a ɗakin atisaye, sakan huɗu a gaban duniya ba baƙon wuri ba ne gare ta.

Saukowa

A 2013 aka zaɓe ta ƴar majalisar dokokin Italiya, ta haifi ɗanta na biyu a watan Mayu, a watan Agusta kuma tana cikin tawagar da ta ci kambun duniya a Budafes. A 2014 a Kazan, tana da shekara 40, ta ɗauki tagulla. A gasar duniya tagulla biyu ake bayarwa, kuma wadda ta tsaya kusa da ita a kan mataki ɗaya Inès Boubakri ce.

Dokar karɓa-karɓar nan ce ta rufe mata ƙofa. A Olamfik na Riyo 2016 an sake cire gasar ƙungiya ta fuloren mata, wanda ke nufin kowace ƙasa mutum biyu kawai za ta kai. Errigo da Di Francisca suna gabanta a jerin duniya. Ta yi ta fafutuka kakar nan gaba ɗaya, ba ta kamo su ba. Wasanta na ƙarshe shi ne gasar duniya ta ƙungiya da aka yi a Riyo a watan Afrilun 2016, Rasha ta doke su a wasan ƙarshe, ta ajiye takobi da azurfa a wuya tana da shekara 42. Ta bar kambun duniya 16, shida na kanta, goma na ƙungiya, da kofin duniya na shekara sau 11. A 2021 ta zama ƙaramar ministar wasanni a gwamnatin Mario Draghi.

Wata huɗu bayan ta ajiye takobi aka yi Olamfik na Riyo ba ita. Boubakri, wadda maki ɗaya ya raba ta da Vezzali a Landan, ta doke Aida Shanayeva ta Rasha 15 da 11, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta rataya lambar Olamfik a wasan takobi. Wadda ta tare mata hanyar wasan ƙarshe a ranar Elisa Di Francisca ce, wadda ita ma a hannun Triccoli ta fara riƙe takobi.